Awa 40 na koyon yin shiru

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya yara, ya fama da jama'a, ya kuma zafin Tawa? Mu nan Liyon ta Faransa lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Saƙon muryarki na ranar Juma'a sau uku na saurare shi a cikin bas. Kin ce masu ciwon sukari sun yi yawa a ƙaramin asibitinku na CSI, har wanda ya zo miki bara da ƙafafunsa biyu, bana da sanda ya shigo. Sannan kika jefo mini tambaya: "Ke da ke can, mi suka fi mu da shi? In inji ne ki aiko muna." Na danna waya zan amsa, minti 9 suka wuce ban ko kama hanya ba, na goge. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki bari sai bayan isha'i, in yara sun kwanta.

Bari in fara ta wajen kuɗi, tunda na san nan gizo ke saƙa. Duk wanda ke zaune nan da takardu yana da wani koren kati, katin Vitale. Ciwon sukari yana cikin jerin cututtuka 30 masu daɗewa da suke kira ALD, shi ne na 8 a jerin. Likitanka zai cika takarda, in an amince, asusun lafiya na ƙasa ya ɗauki nauyin abin da ya shafi ciwon: ganin likita, ƙwayar metformin, insulin da alluransa, awon jini, awon ido, awon ƙoda. Ganin likitan unguwa yuro 30 ne tun Disamban 2024, wajen jika 20 ke nan a kuɗinmu, amma mai ALD kati kawai yake miƙawa ya tashi, sai ɗan abin da ake yanke masa daga baya. Kada ki ɗauka daga sama kuɗin ke faɗowa. Duk ƙarshen wata in na duba takardar albashina na ga abin da aka zaftare sai na ja tsaki, sannan in tuna da shi ne tsohon da na yi wa allura da safe ya samu insulin ɗinsa.

Na gida kin fi ni sani. Tun 2006 aka ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, tiyatar haihuwa ma kyauta, kuma na ji daɗi da aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi a 2024. Amma babba mai sukari shi da aljihunsa ne a bakin farmasi, wata bayan wata. Masassarar damina kwana 3 ce, ka sayar da zakara ka biya ka huta. Sukari kuwa tare za ku tsufa. Shi ya sa mutum zai sha magani sati 2, ya ji ƙishirwa ta ragu, fitsarin dare ya lafa, ya ce ya warke, ya maida kuɗin ga tiyar hatsi. Ban ga laifinsa ba.

Maganar injin awon sukari kuwa, ki tambayi Inna ina wanda na aiko mata shekara 2 da suka wuce. Yana cikin adakarta, naɗe cikin kallabi, tare da awarwaron aurenta. Bandelet 50, ƴan takardun da ake ɗiga wa jini a cusa a injin, da na haɗo da shi suka ƙare cikin wata 2, kuka zagaye farmasin Tawa babu irinsu, aka aika Yamai ma ba a dace ba. Kuskurena ne. Kowane inji da irin bandelet ɗinsa, kamar kwaɗo da makullinsa, kuma cinikin gaske a bandelet yake, injin ɗan rakiya ne. Kafin in sake sayen wani, ki zagaya ki gano wane iri ne ba ya yankewa a garin, sai mu nemi injin da ya dace da shi, ko da a can za a saya. Nan ma ba a sakar wa kowa ba: mai sukarin manya da ba ya allurar insulin, guda 200 kawai ake biya masa a shekara. Kuma in an ɗauki ɗaya a rufe gwangwanin ruf nan take, a nisanta shi da rana, don zafi da laima suna sa su yin ƙarya.

Abin da ake yayi yanzu wani ɗan farin faifai ne, kusan girman murfin kwalbar lemo, FreeStyle Libre. Ana manna shi a bayan damtse, ya yi sati 2 yana auna sukari dare da rana, mutum ya duba a wayarsa bai huda yatsa ba. Tun 2017 asusun ke biyansa ga masu yin insulin sau da yawa a yini. Abin mamaki ne, ba na musu. Amma kuɗinsa na wata guda ya haura mafi ƙarancin albashin Nijar, gam ɗinsa kuma ba ya shiri da zufa. Kuma na ga mutane a sashenmu da faifan nan a hannu, waya na ta kuka cikin aljihu, sukari ya haura giram 3 a litar jini, ba su san abin da za su yi da lambar ba. Wasu kashe ƙarar suke yi su gyara kwanciya.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Kin tuna kukan da na sha da na iso aka ce diflomar da na samo a makarantar lafiya ta ENSP ta Damagaram ba ta ba ni damar aikin jinya a nan ba. Shekara 4 ina wanka da shirya tsofaffi a gidan kula da su, sannan na sake zama aji shekara 3 tare da yaran da na isa in haifa. Da na samu aiki a sashen masu ciwon sukari ina jin ni ce nan: difloma biyu, shekara 8 a asibitocin gida, in jijiya ta ɓace ni ake kira. Sai shugabar sashen ta ce ba zan zauna da majinyata in koya musu komai ba sai na yi wani horo na awa 40. Doka ce. Ranar 21 ga Yulin 2009 aka shigar da ilimantar da mai doguwar jinya cikin dokar lafiyar ƙasar, suna ce masa ETP, a 2010 aka ƙayyade horon awa 40 ɗin nan aƙalla, a 2015 kuma aka wajabta shi ga duk mai yin sa, likita ne ko ma'aikaciyar jinya ko mai harhaɗa magani. Tushen abin daga Jeneba ne, a ƙasar Suwis, inda wani likita mai suna Jean-Philippe Assal ya buɗe sashen da ake jinya da koyarwa a haɗe a 1975.

Na tafi da sabon littafi da biro biyu, ina zaton lissafin insulin za a zurfafa mana. Mu 12 ne. Malamar ta raba mu biyu-biyu, ta ce ɗaya ya ba da labarin wani abu da ya daɗe yana son ya daina ya kasa, ɗayan ya saurara minti 3, ba shawara, ba gyara, ba "ai da kin yi kaza". Abokiyar zamana ta fara labarin taba sigari. Wallahi, Yaya, ban kai daƙiƙa 40 ba na tsinci bakina yana jero mata illar taba ga huhu, ita da ta shekara 15 a sashen masu ciwon huhu. Aka yi dariya, har da ni. Malamar ta tambaye ta: da ta fara miki wa'azi me kika ji? Ta ce, ji na yi ina son in fita in kunna ɗaya.

Kwana 6 aka yi, a rarrabe cikin wata 3, kuma rabinsu a kan wannan ne: yadda ake yin tambaya a kama baki. Kafin a koya wa majinyaci komai ana zama da shi kusan awa guda a nemi amsar abu 5: me ke jikinsa, me yake yi a yininsa, me ya sani ko ya yarda da shi game da ciwon, wane ne shi a gidansu da cikin mutane, kuma me yake buri. Ta ƙarshen nan na fi rainawa da farko. Ashe ba wanda ke tashi da asuba don ya sauko da wata lamba zuwa kashi 7 cikin 100. Wannan so yake ya ga auren autarsa, wancan so yake ya sauke farali, waccan tsoronta kada ta makance ta zama kaya ga surukarta. Daga nan ake tsaida abu ɗaya ko biyu da shi da kansa ya zaɓa zai gwada, a yi zaman koyo shi kaɗai ko cikin ƴan uwansa, bayan wasu watanni a sake zama a ga me ya yiwu, me ya gagara, kuma don me.

Daren ranar farko ban runtsa ba, Baba nake ta gani, Allah ya jiƙansa. Ɗiya biyu ma'aikatan lafiya, kowa na ce masa ya gama dacewa. Me muka yi masa? Ranar da aka gano sukarinsa muka zaunar da shi a zaure muka karanta masa hukunci: ba hura, ba shinkafa, ba masa, ba shayi, ba dabino. Wake da alkama, safe da dare. Mutumin da tun yana yaro da hura yake karya kumallo, da ita yake yini a garka, da ita yake tarbar baƙo. Ya ce to. Kullum to. Sai daga baya muka ji a rumfar ƴan albasa ake dama masa tasa, ƙwarya guda, har da sukari, abokansa na yi masa gadi kada ɗiyansa su gani. Ranar da na kama shi na ɗaga masa murya gaban mutane. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke likita ce, amma ba ki taɓa tambayata ko na ƙoshi ba." Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Da mun ce masa ya sha ludayi kaɗan, nono ya fi dawo yawa, ba sukari, bayan ya ci wani abu mai ganye, sannan ya auna ya gani da idonsa, da a gida zai sha, gabanmu. Kuma da bai ɓoye mana ƙafar ba. Ƙusar takalmi ce fa kawai. Ya yini da ita a tafin ƙafa bai ji ba, ya kwana 10 yana ɗaure wurin da tsumma don kada mu yi faɗa. Sauran kin sani, ke kika raka shi har ƙofar ɗakin tiyata. Shekara 6 yana da sukari, ni da ke ba wadda ta taɓa ce masa ya cire takalmi mu gani.

Nan kuwa ƙa'ida ce a duba ƙafa ko sau ɗaya a shekara, kuma kayan aikin zai ba ki dariya: wani ɗan zaren roba ne mai kama da silin wutsiyar doki, a kan ƴar sanda. Mutum ya rufe ido, ki dangwala masa a ƙasan babban yatsa da tudun tafin ƙafa har zaren ya lanƙwashe, nauyin giram 10 ke nan. In bai ji ba, jijiyoyin sun fara mutuwa. Irin wannan ƙafar ce ƙaya ke shiga, yashin azahar ya ƙona, kaskon wuta na lokacin ɗari ya gasa, mai ita na ta hira. Wanda haɗarinsa ya yi yawa ana tura shi wajen masu gyaran ƙafa, asusun ya biya, su ke yanke masa farce su kankare kaushi, shi an hana shi reza. Zaren nan ba ya cin batir, ba ya neman bandelet, kuɗinsa bai kai na kilon nama ba.

Bari in ba ki labarin wani mutumin ƙasarmu. Wata Laraba aka kira ni ƙasa, wai ga wani dattijo ba ya jin Faransanci sosai, ko zan gwada. Ina ganin yadda ya kafa hularsa na ce, "Baba, ina wuni?" sai ya miƙe tsaye. Ba'adare ne, ya yi bida a Abijan, ya yi Libiya, teku ya kawo shi nan, yana wanke-wanke a wani gidan abinci. Littafin awonsa tsaf, kowace safiya giram 1.10, 1.20, kamar an buga da inji. Awon HbA1c kuwa ya nuna kashi 11. Kin san wannan awon ba a yi masa wayo: sukari na manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma wajen kwana 120 suke rayuwa, don haka labarin wata 3 yake bayarwa, ko da mutum ya kwana 2 yana shan ruwan ɗaci kafin ranar likita. (A wajenmu dai a yi hattara da shi, mai sikila ko mai ƙarancin jini sakamakonsa na iya karkacewa.) An riga an ƙara wa dattijon insulin sau biyu, abin bai motsa ba.

Da ni ce ta da, da na ce masa maƙaryaci cikin ladabi. Na ja kujera na ce, Baba, ba ni labarin jiya, tun daga tashinka. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, ina ƙirga tayil ɗin ƙasa don kada bakina ya kuɓuce. Can ya fara. Bai yi boko ba. Wani yaro ɗan ɗakinsu ke cika masa littafin daren ranar likita, "don kar a ji kunya". Allurar dare lokacinta na faɗawa yana tsakiyar aiki, a kicin mai mutum 7, shi kuma ba zai ɗaga riga gaban yara ba, kada a ce ɗan ƙwaya ne a kore shi. Sau ɗaya ya haɗa allurar da ƙwayoyinsa ya fita bai ci komai ba, ya faɗi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya farka cikin motar ƴan kwana-kwana. Tun ranar bai sake taɓa ta ba. "Ɗiyata, allurar ga ta fi ciwon ban tsoro. In na faɗi nan, wa ya san ni?" Wata 5 ke nan ana ƙara masa maganin da ba ya yi.

Likita ya maida allurar bayan sallar asuba, a ɗakinsa, ya rage ta zuwa inda aka faro. Littafin muka jefar, tunda injin na ajiye lambobinsa da kansa. Na zana masa layi uku a kwali, ja da kore da rawaya, ya san inda lambarsa ta faɗa. Muka sa masa ƙwaya 3 na sukarin kwali a aljihun gaba, da kati mai sunan ciwonsa. Da na tambaye shi burinsa, waya ya ciro ya nuna mini gidan da ya gina a ƙauye, wanda bai taɓa gani ba sai a hoto. Bayan wata 6 awon ya sauko kashi 8. Ya zo mini da goro 5 a ƙunshe cikin jiƙaƙƙiyar takarda, ban san inda ya samo su ba.

Ba a asibiti kaɗai ake wannan aikin ba. Akwai tsarin Asalée da aka faro a 2004 a yankin Deux-Sèvres, inda ma'aikaciyar jinya ke da ɗakinta kusa da na likitan unguwa, shi ya ga mutum minti 15, ita ta zauna da shi ninki uku na haka. Tsohon da hannunsa ke rawa ko idonsa ya yi rauni, har gida ake zuwa a yi masa allura safe da yamma. Alluran da aka yi amfani da su a wani akwatin roba rawaya ake zuba su, farmasi ke ba da shi kyauta ta kuma karɓe shi in ya cika. Tun 2018 kuma aka fito da wani mataki, IPA: mai shekara 3 a aiki ta koma jami'a shekara 2, ta fito tana iya sabunta magani da gyara shi ga masu doguwar jinya. Da na karanta bayanin aikin sai da na yi dariya. Abin da majo, shugaban ma'aikatan jinya, ke yi ke nan a kowane CSI na daji tun ba a haife mu ba, ba digiri ba ƙarin albashi.

Kada ki ɗauka aljannar duniya ce. Likitan ido sai ka yi watanni kana jiran rana. Akwai garuruwan da mutum zai buga waya wuri 10 kowa ya ce masa ba ya ɗaukar sabon majinyaci. Zaman koyon da nake yabo, kaɗan ne ke isa gare shi, don lokacin aiki ake yi, da Faransanci, kuma hotunan abincin duk burodi ne da cuku da taliya. Ɗan Afirka ya duba ya duba bai ga tuwonsa ba, ya gyaɗa kai ya tafi. Sai kaɗaici. Akwai wata tsohuwa da na sani, firijinta cike da insulin kyauta, faifan nan a damtse, sukarinta ya faɗi ranar Asabar da dare, sai safiyar Lahadi mai zuwa yi mata allura ta same ta kwance a ƙasan kicin. Ta rayu. Ɗanta na Faris, sau ɗaya yake kira a wata.

A Tawa wa zai kwana a ƙasa ba a gani ba? Inna ko tari ta yi sai mutum uku sun leƙo. Sai dai wannan jama'ar ita ce kuma ke tura wa mutum kwano ta ce ci mana, ita ke miƙa masa shayi na ɗaya da na biyu da na uku a fada. Don haka a wajenmu koya wa majinyaci shi kaɗai ɓata yawu ne. Mai riƙe da muciya ita ce ɗalibar, da amarya, da babban ɗa mai cefane. Kuma muna da abin da nake sha'awa a nan ban samu ba: mutumin da ke wanke ƙafarsa sau 5 a yini. Abin da ya rage a ce masa kawai, in ka zo ƙafa a alwala ka duba tafin, ka duba tsakanin yatsu, ka tsane su, ka zazzage takalmi kafin ka sa.

Ina jin muryarki daga nan: ke mutum 6 kike gani a yini, ni in damina ta faɗi 60 ne a layi, ga awon ciki, ga rigakafi, ga rahoton ƙarshen wata. Gaskiyarki. Lokacin da nake zama da mutum awa guda biyana ake yi, naki kuwa daga barcinki za ki yanko. Ban ce ki yi irin namu ba. Safiya ɗaya a wata, ranar da ba kasuwa, mutum 8 ko 10 a rumfar CSI, kowa ya zo da mai dafa masa. Kowa ya cire takalmi tun daga bakin tabarma. Ki jefa tambaya ɗaya, misali me ya fi ba ku wuya a watan nan, ki kama bakinki. Za ki ga wani tsoho ya amsa wa wani abin da ke kin shekara kina faɗa ba a ji ba. A Bamako ƙungiyar Santé Diabète ta horar da masu ciwon kansu suna koya wa ƴan uwansu a unguwanni, da aka auna bayan shekara sukarin waɗanda suka shiga ya sauka fiye da na sauran. Cikin 10 ɗin nan naki akwai wanda zai karɓe ki nan da wata 6.

Abu biyu kada su wuce ku a zaman. Na farko ajiyar insulin. Wanda ba a buɗe ba firiji yake so, tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare. Wanda aka fara kuwa, a 2021 masana na jami'ar Jeneba da ƙungiyar likitoci ta MSF sun gwada shi da irin zafin sansanin Dadaab na Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga yana riƙe ƙarfinsa sati 4. Amma ɗakin kwano a Tawa cikin Afrilu ya wuce nan, ga ɗaukewar wuta. A koma ga tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000. A sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Na biyu azumi. Tun Sha'aban za a yi maganar, kuma ki gayyato liman ya faɗa da bakinsa cewa huda yatsa ba ya karya azumi. In lamba ta yi ƙasa da 0.70 ko ta haura giram 3, a sha ruwa, ko da saura kaɗan a kira magariba. In kin ce musu kada su yi azumi gaba ɗaya, to za su ce, irin na Baba.

Sai maganar Inna. Makyarkyata da zufar da kika ce tana yi da hantsi, ina zargin ƙwayar sukarinta ce, gilibenkilamid ɗin nan, tunda takan sha shi da asuba ta zauna lazimi ba ta karya ba sai rana ta ɗaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, faɗuwar sukarin da yake jawowa tana daɗewa. Ki yi wa likitanta maganar gilikilazid. Kafin nan, in abin ya zo a auna ta, a ba ta ƙwaya 3 na sukari, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. In ta fita hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita a gefe a kira ki. Ki koya wa yarinyar da ke kwana ɗakinta, ki sa ta maimaita miki da bakinta.

Wata ƴar Dogon Dutsi za ta taso ranar 12 ga wata ta Kazablanka, tunda jirgin kai tsaye ya daina zuwa Yamai tun 2023. Na ba ta zaren awon ƙafa 10, da ƙaramin madubi mai hannu na duba tafin ƙafa, da safar auduga mara roba ta Inna, da man shafawa na faso. Za ta sa a mota zuwa Tawa, zan turo miki lambar direban. Ni kuma ga roƙona: ki ɗauko mini hoton malmalar tuwo, da ludayin hura, da farantin dambu, da shinkafa da wake, kowanne da hannun mutum a gefe don a ga girmansa. Zan sa a buga mini su a leda don mutanena na nan. Ki haɗo da hoton tafin ƙafafun Inna, duka biyun, da rana, kafin ta sa lallen salla.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ina neman addu'a. Ki gaida maigidan da yara da duk ƴan aikinku.

Ƙanwarki.